Haɗa Ido da Farfesa

Paraku, ranar Litinin

Zuwa ga yayata Bake,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna?

Yaya, tsoro ya hana ni sakat, ko sakwara na kasa ci. Ranar Asabar zan tsaya gaban malamai in kare binciken da na yi a kan ruɓewar doya. In suka ƙi shi, digirin ya bi ruwa.

A jami'armu akwai ofishin da ke horar da ɗalibai kafin wannan rana. Madam Sika mai kula da shi ta yi mini gwaji, ta jefo tambaya. Na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mana a gida. Sai ta buga tebur ta ce, "Bio, amsar a cikin takalminka take? Ɗago ka dube ni!" Ta ce tsohon farfesan da zai shugabanci zaman yakan faɗi kuskure da gangan. Wanda ya amsa masa da "haka ne" ya sha ƙasa, wai alama ce ba shi ya yi aikin ba.

Ga shi Baba ya aiko zai zo, har da dangi cikin anko. Kin dai san Baba, mutumin da ya mare ni don na haɗa ido da Kawu. A gabansa zan dubi mai furfura in ƙaryata shi? Gaba kura, baya sayaki. Don Allah ki san dabarar da za ki hana shi zuwa.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanenki,
Bio

Paraku, ranar Lahadi

Yaya Bake,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Na san kin yi iya yinki, amma Baba ya zo, ya zauna a sahun gaba.

Farfesa ya gyara tabarau ya ce danshi ba ya ruɓar da doya. Na ɗaga kai na dube shi na ce, "Ranka ya daɗe, ba haka ba ne." Ban san abin da na faɗa bayan nan ba. Na dai ji an ce na ci, ɗaki ya ɗauki tafi. Na waiwaya, Baba bai tafa ba.

Yau na raka shi tasha, na durƙusa ina jiran hukunci. Sai ya ce, "Bio, dube ni yadda ka dubi tsohon nan."

Wallahi Yaya, na yi ƙoƙari, wuyana ya ƙi. Idona yana kan takalminsa har na ji hannunsa a kaina.

"Madalla," in ji shi. "Na zaci sun ba ka takarda sun ƙwace mini ɗa."

A gaishe da Inna. Ki ce mata yau na ci abinci.

Ƙanenki,
Bio