Mai Tsire Ba Shi da Albashi

Asabar, 5 Rajab 1388

Abubakar ɗan jirgi ya kawo mini wasiƙa daga Bur Sudan. Othman ne, yayan matata Barakatu. Wai shekara huɗu ke nan na ajiye masa ƙanwa kamar kayan ajiya, in watan Muharram ya fita ban aiko da takardar shigowarta Jidda ba, zai kai ta gaban alƙali a raba auren. Bai yi ƙarya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ita ko kalma ɗaya ba ta sa ba. Ko ba a ba ta dama ba ne, ko ba ta so.

Litinin, 7 Rajab

Na je ofishin takardu. Iƙama, takardar zamana a ƙasar, lafiya, takardar aure lafiya. Sai akawun ya ce ina shaidar albashi, wadda za ta nuna ina iya ciyar da mace. Na ce ni mai tsire ne a unguwar Sharafiyya, wa zai ba ni albashi? Ya ɗago ya dube ni, ya yi dariya. Ashe yana saye a wurina.

"Namanka da daɗi, ya Hajji, amma ba a buga masa hatimi."

Ya ce ko kafilina, ɗan ƙasar da nake zaune da sunansa, ya rubuta, ko in kai mutum biyu gaban umda, mai unguwarmu, su shaida ina da abin hannu. Watakila a karɓa. Watakila, ya ce.

Alhamis, 10 Rajab

Makka da dawowa a banza. Kafilin nawa da ke can suna kawai ya ara mini, duk shekara in kai masa nasa ya sa hannu. Ya ce ba zai rubuta yana biyana abin da bai taɓa biyana ba. A nan ne tsoron Allah ya zo masa.

Asabar, 12 Rajab

Shaidu. Baba Ubale, dattijon da ya sauke ni a ɗakinsa ranar da na iso garin nan, da Rafi'u mai kawo mini gawayi. Sun yarda tun ban rufe baki ba.

Na yi niyyar in gaya musu abin da nake samu, harshe ya ƙi. Tun da na kafa tukuba ban taɓa faɗa wa kowa ba. A ce yaya kasuwa, in ce da sauƙi. Haka Inna ta koya mana a garinmu Mai Wurno, can Sudan, bakin mutane ba abin wasa ba ne. Rigata ma mai faci nake sa wa da gangan, don lokacin aikin Hajji duk wanda ya sauko daga jirgi sai ya zama ɗan uwanka. Ina samu, alhamdu lillahi, na fi akawun nan samu ko ba a faɗa ba. Abin da na iya ce musu kawai, ku faɗi alheri a kaina.

Talata, 15 Rajab

Ban san ta inda zan fara ba.

Umda ya zaunar da mu, ya buɗe alƙalami, ya tambayi Baba Ubale me ya sani game da samuna. Baba ya gyara rawani, ya sa hannu a ƙirji. Larabcinsa na tsofaffi, a hankali, kowace kalma ta fito sarai.

"Miskini ne, wallahi. Bawan Allah ne, ba shi da komai. Dubi rigarsa. A ji tausayinsa a kawo masa iyalinsa."

Na taka masa ƙafa, ya janye ƙafar ya ci gaba. Har da hawaye. Rafi'u ya ga babba ya kama hanya, shi ma ya bi, wai wani lokaci sai ya yi sati ban biya shi gawayi ba. Ban taɓa kwana da sisinsa ba! Umda ya rufe alƙalami, ya ce Allah Ya buɗa mana.

A waje Baba ya dafa kafaɗata yana murna. "Ka ga yadda na karya masa zuciya? Hukuma ba a nuna mata ƙoshi, yaro. Sai su ɗora maka haraji."

Na ce na gode, Baba. Me zan ce? Mutumin da ya raba tabarmarsa biyu saboda ni.

Laraba, 16 Rajab

Ban kunna wuta ba yau.

Lahadi, 20 Rajab

Na koma wurin umda ni kaɗai, da sabuwar riga da gwangwanin ajiyata. Ko buɗewa bai bari na yi ba. Ya ce kuɗi a gwangwani ba sa faɗin inda suka fito, ba sa faɗin ko gobe za su zo. Kuma mutum biyu sun rantse a gabansa ni miskini ne, in na kawo wasu biyu su rantse ni mai hali ne, su wa zai ƙaryata? Ba mugu ba ne. Har shayi ya sa aka kawo mini.

Alhamis, 15 Sha'aban

Wata guda ina yawo. Kowa na da shawara, ba mai hatimi.

Juma'a, 8 Ramadan

Kasuwa ta buɗe kamar kowace shekara. Bayan shan ruwa ba na iya ɗaga kai, tsinke na ƙarewa kafin a fito tarawi. Na dubi cinikin sai na ji ƙyamarsa. Ga shi a hannuna yana ƙanshin yaji, amma a wurin hukuma babu shi.

Barakatu na son wurin da kitse ya ɗan ƙone. Yau na tsinci kaina ina ware irinsa gefe.

Talata, 19 Ramadan

Abdulghani ya tsaya bayan ya saya. Kakansa Bakano ne da ya zo Hajji bai koma ba, shi a nan aka haife shi, ɗan ƙasa ne, yana da ofishin fitar da kaya kusa da tashar jiragen ruwa. Hausarsa rabi da rabi. Ya ji labarina, wa bai ji ba.

"Basiɗa, ya Haladu, abu mai sauƙi. Ka dawo kafalata, in zama kafilinka. Shayi a ofis da safe, gadin gida da yamma. In rubuta maka riyal ɗari huɗu a takarda, halas."

Na ce a hannu fa? Ya ce ɗari da hamsin, da ɗaki, da abinci. Tsire kuma a manta da shi, ba ya son mai kawo wa baƙinsa shayi yana warin hayaƙi.

Na ce zan yi tunani. Ya ce yalla, yi tunani, Muharram ba ya jira. Har wannan ya sani.

Lahadi, 1 Shawwal

Sallah. Na amsa masa.

Alhamis, 5 Shawwal

Na bar wa Rafi'u tukuba da faranti da wuƙaƙena biyu. Na nuna masa haɗin yajin, yadda ake sake soya ƙuli kafin a daka. Yana ta ba ni haƙuri a kan ranar umda. Na ce ya wuce. Bai wuce ba, amma na ce.

Litinin, 16 Shawwal

Ɗakin ƙarƙashin matakala ne. In na miƙe tsaye a gefe ɗaya sai na sunkuya. Duk wanda ya hau bene a kaina yake takawa, har na fara gane kowa da tafiyarsa.

A ofis yaran da a da ba su ma kai in aike su ba su ne ke kirana, ya walad, wato kai yaro, shayi. Ni da furfura ta fara fito mini a gemu. Ina cewa hadir, wato an gama. Kalmar ba ta da wuya, sau ɗaya ce take tsaya wa mutum a wuya.

Asabar, 13 Zulƙida

Na kai takardar albashi. Akawun nan ya karanta, ya buga hatimi, bai ma ɗago ba. Daga baya ya ce ya je Sharafiyya kwanaki, naman ya canza, lafiya? Na ce lafiya.

Laraba, 1 Zulhajji

Alhazai sun cika gari, tashar ba masaka tsinke. Lokacin da a da nake tara abincin rabin shekara ke nan. An aike ni, na biyo ta wurin Rafi'u, layi har bakin titi, shi kuma yana ƙona nama yana zuba yaji kamar ƙasa. Na tsallaka ɗaya gefen don kada ya gan ni da butar shayin wani.

Albashin ya ƙare tun ashirin ga watan jiya. Ni kaɗai ke nan, kuma gwangwanin ya tafi wurin canjin kafala da masu kai takarda.

Asabar, 18 Zulhajji

Ta fito. Izinin shigowar Barakatu, sunanta a rubuce, hatimi biyu. Na zauna a bakin ofishin na daɗe ina kallonta. Na zaci zan yi kuka ko in yi sujada. Sujadar na yi, don ya kamata.

Baba Ubale ya ce ai shi ya san kukan da ya yi gaban umda ba zai tafi a banza ba.

Talata, 21 Zulhajji

Mastura, matar Abdulghani, ta yi mini magana ta bayan labule yau, karo na farko. Ta yi mini barka, sannan ta ce matar taka ta iya wanki da guga? Tana da ƙarfi? Wai ta riga ta sallami mai aikinta ƙarshen wata, tun da ga ta gida na zuwa.

Na sami Abdulghani da yamma. Na ce Barakatu 'yar malam ce, 'yan mata take koya wa karatu, ba aikatau na ce zan kawo ta ba. Bai yi fushi ba, mamaki ma ya yi.

"Subhanallah. Za ta ci a gidana, ta kwana a gidana, sunana ne a kan takardarta. Ta zauna ta yi me? Gida ɗaya ne, ya akhi."

Na ce in na kama ɗaki a unguwar Waziriyya fa? Ya ce da wane kuɗi, kuma wa zai tsare masa ƙofa. Ya tuna mini, cikin murmushi, cewa wanda ya rubuta takarda yana iya rubuta wata.

Juma'a, 2 Muharram 1389

Sabuwar shekara. A masallaci kowa sai barka, yaushe amarya za ta iso.

Ranar da zan taho, a bakin jirgi, ba ta yi kuka ba. Ta gyara mini wuyan riga ta ce, "Malam, ba na neman bene. Ɗaki dai mai ƙofar da zan rufe da hannuna, sai ka kira ni." Ɗakin nan buhu ne aka rataya a bakinsa. Na gwada tunaninta durƙushe tana wanke kayan Mastura, ana kiranta ya bint, ke yarinya, daga sama, ni ina bakin ƙofa ina ji ina cewa hadir. Ba za ta ce mini komai ba, na san ta. Za ta yi aikin, ta dawo ta kwanta ta juya mini baya, shekara da shekaru.

Ina son matar nan. Ban taɓa rubutawa ba, yau na rubuta.

Litinin, 12 Muharram

Jirgin su Abubakar zai tashi Laraba ta sama. Daga shi sai Safar. Na saya mata yadi da turaren wuta.

Laraba, 21 Muharram

Na je tashar da hantsi. Na ba Abubakar yadin da turaren, na ce ya gaida Othman da kyau. Ya sa su a jaka, ya miƙo hannu.

"Takardar fa? Na ji an ce ta fito."

Na ce saura hatimi ɗaya, ba ta kammala ba tukuna. Ya dubi aljihun rigata, ya dube ni. Ya ce in gaya mata haka? Na ce gaya mata haka.

Na tsaya har jirgin ya juya. Ba wani abu, iska ce mai daɗi a bakin ruwa. Na dawo na wanke kofuna, Mastura ta aiko da shinkafa, na cinye har na kankare kwanon. Tun Rajab rabona da in ci abinci haka. Yunwa ce kawai, ina jin.