Layuka Arba'in na Mijinyawa

Gwallameji, Bauchi

Zuwa ga aminina Mijinyawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Sauda, da fatan sanyin Jos bai takura muku ba. Tun da ka daina ɗaga wayata, na ba direban tasha wannan takarda.

Ofishinmu yanzu daga ni sai fanka. Tun ranar da na ce a gaban mutane aikinka juji ne, ka ɗauki jakarka ka tafi, nake ta sharar injin manhajar da muka gina, mai zana haske da inuwa a wasanmu na tseren keke na wayar hannu. Ka san kwamfuta tana riƙe sunan wanda ya taɓa kowane layi na rubutun manhajar a ƙarshe. Duk layin da na gyara, sunanka ya fita, nawa ya shiga.

Jiya na goge layuka arba'in ɗin da ka cusa a sashen inuwa, waɗanda ba kai ba gindi. Komai ya yi tsaf. Na waiga in yi maka gori, sai na ga kujera.

Ka gaida gida.

Naka,
Sabitu

Zuwa ga aminina Mijinyawa,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya iyali? Ban ga amsa ba, ban kuma ga laifinka ba.

Mansir mai gyaran waya na Gwallaga ya aiko a kira ni. Tun da na goge layukan nan, duk mai tsohuwar waya, in ya buɗe wasanmu sai baƙi ƙirin. A tawa mai tsada kuwa lafiya lau. Kwana uku ina lalube ni kaɗai, kafin Mansir ya gaya mini cewa a rumfarsa ka yi makonni kana gwada inuwar nan a kan wayoyin da aka kawo gyara. Makonnin nan ne nake cewa yawo ka tafi. Kunya ta rufe ni.

Na ɗauko layukan daga tsohuwar ajiya na mayar, ban taɓa ko ɗigo ba, hoto ya dawo. A duk injin, su kaɗai suka rage da sunanka.

Ni na yi kuskure, Mijinyawa, kuma ina kewarka. A gaban mutane na faɗa, a gabansu zan janye.

Na bar fili a saman layukan don a rubuta bayanin aikin da suke yi. Na gwada sau uku, ban iya ba. Filin yana nan, kujerar ma tana nan.

Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Sabitu