Duk Zuwan Da Na Yi, Abah Barci Yake

Zuwa ga Mak Cik Jamaliah,

Assalamu alaikum. Mak Cik, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya ɗaure, kuma a gidanmu babu wanda zan gaya wa maganar nan ba ta zama rigima ba. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, idan na yi ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri da ni.

Mahaifinmu, Abah, mai aski ne. Tun kafin a haife ni yake riƙe da ɗan shagonsa a tsohuwar kasuwar Ipoh, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi bayan ƙaramar sallah. Ɓarin dama ne ya tafi, hannu da ƙafa, harshe ma ya yi nauyi. Da za a sallame shi daga asibiti, likita ya ja mana kunne cewa a watannin farkon nan ake samun abin da za a samu, idan aka yi sake ƙafar ta sandare, shi ke nan. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Ni malamar firamare ce, gidana a can saman bene yake, babu na'urar hawa bene sai matakala. Yayana, Abang Kamarul, yana Kuala Lumpur da iyalinsa. Shi ya samo wani gidan jinya da gashin ƙashi a bayan gari, wanda shugabarsa, Puan Rohaida, 'yar ƙanwar surukar Abang Kamarul ce.

Ranar da muka je gani, ni kaina na yaba. Ko'ina tas, ga furanni, ga ɗan tafkin kifi a tsakar gida, ga ɗakin motsa jiki da ƙarafan da ake dafawa a koyi tafiya. Puan Rohaida ta ba mu shayi mai madara, ta ce Abah ubanta ne, kullum da safe za a riƙa yi masa gashi. Bakinta kamar zuma. Yanzu daɗin bakin nan ne ya fi komai tsaya mini a rai.

Abin da ya fara damuna barci ne. Da yamma suke barin a shiga, kuma duk zuwan da na yi Abah barci yake, ko kuma idonsa biyu amma kamar ba ya nan, yawu na zuba a kafaɗa. Mak Cik, wannan mutum ne da ko azumi bai taɓa sa shi barcin rana ba. Idan na tambaya sai a ce gajiyar motsa jiki ce. Na leƙa ɗakin motsa jikin ya fi a ƙirga, ban taɓa samun kowa a ciki ba, kekunan motsa jikin a jere kamar na sayarwa. An ce ai da safe ake yi. To, wata rana makarantarmu ta tashi da wuri, na tafi da hantsi ban gaya wa kowa ba. Mai gadi ya tsayar da ni a bakin ƙofa, ya juya mini baya yana waya ƙasa-ƙasa. Na daɗe a rana kafin ya buɗe. Da na shiga na tarar da gashin kan Abah a jiƙe, an sa masa sabuwar riga an ɓalla maɓallai a karkace, an fesa turare a ɗakin, amma zarnin fitsari na nan a ƙarƙashin turaren. Me aka gyara kafin in shigo?

Sai maganar kunzugu. A asibiti, idan aka riƙe shi yana iya takawa zuwa banɗaki. A nan kullum a cikin kunzugu yake kamar jariri. Na ga jini ya kwanta a damtsensa na hagu, baƙi-baƙi, kamar shatin yatsu. Sau biyu ina samunsa ɗaure da zanen wani. Gemunsa kuwa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara fuskokin mutane, an bar shi buzu-buzu har sai da na kawo askarsa daga gida na yi masa da kaina. Ina yi yana hawaye, ban san na mene ne ba.

Akwai wani tsoho da suke ɗaki ɗaya, Ankul Foong, wanda ya karye a ƙugu. Ya yafito ni ya ce, "Yarinya, bayan abincin rana suke ba babanki wata 'yar farar ƙwaya, yana sha sai ya zube kamar buhun shinkafa. Ni dai a ƙarƙashin harshe nake ɓoye tawa, ba a yi wanda zai kwantar da ni ba." Amma kafin in tafi, shi dai wannan Ankul ɗin ya ce in gaida matarsa idan mun haɗu a ƙofa, yanzun nan ta fita. Daga baya na ji ta shekara da shekaru a kabari. To da wace maganar tasa zan kama?

Kada in ɗauki alhakinsu, zan faɗi na kirki. Abah bai rame ba. Kunun shinkafar da suke ba shi da kifi mai kyau ne, na ɗanɗana. Na duba bayansa ban ga gyambo ba. Akwai wata mai kula da su, Sulastri, da take ba shi abinci a hankali tana yi masa hira, tana ce masa ango. Kuma Abah ba kanwar lasa ba ne. Thevan, saurayin da ke yi musu gashi, ya ce mini Abah ya taɓa jifansa da kofi da hannun hagu, kuma na yarda, halinsa ne. Sai dai Thevan ɗin sau ɗaya na taɓa ganinsa, kuma da na tambaye shi ko kullum yake zuwa, sai ya kalli ofishin Puan Rohaida kafin ya ce, "Ana ƙoƙari, Kak," wato Yaya.

Na kira Abang Kamarul na gaya masa. Ya ce tun muna yara haka nake, ba a taɓa yin abin da ya gamshe ni ba. Ya ce, "Idan kin fi su iyawa, ki goya shi ki hau da shi benenki." Matarsa ta daina amsa saƙona. Shi a waya yake ganin Abah, ranar Lahadi, an yi masa wanka an zaunar da shi kusa da tafkin kifi.

Shi kuwa Abah, idan na tambaye shi a gabansu ko ana kula da shi, sai ya gyaɗa kai. Idan suka fita sai ya damƙe wuyan hannuna. Kalma ɗaya ce ke fita sarai daga bakinsa: gida.

Mak Cik, cutarsa ake yi, ko kuwa ni ce nake neman wanda zan ɗora wa laifi don na kasa riƙe shi a wurina? In cire shi in ɓata da ɗan'uwana, ko in yi shiru lokacin da likita ya faɗa ya wuce?

Taki,
Ɗiyar Mai Aski, Ipoh

*

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Abah lafiya. Ba ki yi kewaye-kewaye ba, kin yi kallo ne da idon basira, kuma kin yi wa mutanen nan adalci fiye da yadda yawancinmu za mu yi. Bari mu tsince shinkafar daga tsakuwa.

Wasu abubuwan suna da bayani. Masu irin ciwon Abah sau da yawa ana ba su maganin tsinka jini, kuma da shi ko riƙon ɗagawa aka yi wa mutum yana iya barin shati. Zanen wani sakacin masu wanki ne. Kiran gida kuwa, ban taɓa ganin majinyacin da ba ya yi ba, ko a gidan zinariya aka kwantar da shi. Shanyewar jiki kanta tana kawo gajiya da baƙin ciki, su ma suna sa barci. Rashin gyambo da rashin rama ba ƙaramin abu ba ne, wani ne yake juya shi yana ciyar da shi.

Amma abu uku ba zan ba su uzuri ba sai da hujja: barcin da ba ya yankewa, kunzugu ga mutumin da ya zo yana takawa banɗaki, da gashin da babu wanda ya taɓa gani ana yi. Ba ajiya kuka kai Abah ba, jinya kuka kai shi. Gida yana iya zama mai tsafta, ma'aikatansa masu tausayi, amma hannuwa su yi kaɗan, sai a koma ga abin da ya fi sauƙi: a ɗaura kunzugu, a kwantar da mutum. Ba sai da mugunta ake cutar da majinyaci ba. Ankul Foong bai isa shaida ba, amma wanda ya rikice a kan matarsa ba lallai ya rikice a kan abin da ake yi a gadon kusa da shi ba. Ki riƙe maganarsa a matsayin tambaya.

Ga abin yi. Ki nemi ranar ganin likitan asibitin da ya sallame shi, ki kai shi da kanki, ki tafi da duk magungunan da ake ba shi a cikin kwalayensu. Likitan ya gaya miki na mene ne kowanne, wa ya rubuta, kuma ko akwai mai sa barci. Kada ki tsayar da ko ɗaya da ra'ayin kanki. A can kuma a gwada ƙafar da hannun, a faɗa miki gaba ya ci ko baya. Wannan ne ma'aunin da daɗin baki ba ya taɓawa. Sannan ki gaya wa Puan Rohaida, cikin fara'a, kina son ki zauna a yi gashin a gabanki don ki koya, kuma ki tambaye ta ranakun da Thevan yake zuwa da dalilin kunzugun. Ki nemi ganin takardar izinin gidan. Ki ci gaba da zuwa a lokuta mabambanta, musamman lokacin cin abinci, ki dubi sauran tsofaffin da ba su da mai zuwa, ki ga idan sun kira ana amsawa. Ki tura Abah a keken marasa lafiya zuwa inda babu kowa, ki yi masa tambayoyin e ko a'a, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kin sa masa amsa a baki ba.

Gidan da ba shi da abin ɓoyewa zai buɗe miki duk wannan, wataƙila ma ya gyara. Idan aka hana ki sanin magani, ko aka ci gaba da tsare ki a ƙofa, ko kika ga alamar ɗauri ko duka, kin sami amsarki: ki cire shi, ki kai ƙara hukumar da ke sa ido a kan irin gidajen nan. Amma ki fara duba wani wurin tun yanzu. Kada fushi ya sa ki kai shi saman benen da ba zai iya saukowa ba, babu mai zama da shi kina makaranta.

Game da yayanki, shi ya zaɓi wurin, don haka duk aibun da kika faɗa ji yake da shi kike. Ki daina ambaton dangin matarsa. Ki ce masa ya ɗauki hutun yini ɗaya ku kai Abah asibiti tare. Abin da ya ji daga bakin likita ba zai ce halinki ne ba. Idan ya ƙi zuwa, ki tafi ke kaɗai. Ɗan'uwa yana fushi ya huce, ƙafar da ta sandare ba ta jiran a shirya.

Kada ki bari makon nan ya fita ba ki nemi ranar ganin likitan ba. Allah ya tashi kafaɗun Abah, ya daidaita tsakaninki da ɗan'uwanki, ya ba ki 'ya'yan da za su tsaya miki kamar yadda kika tsaya masa.

Mak Cik Jamaliah