Yaran da Ban Kira Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigidanki, Allah ya sa albarka a aikin da ya kai ku can. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗanta da maƙwabta kan igiyar shanya. 'Yar autarki da kika bar mata ta fara haɗa magana, bakin nan irin naki, ba ya hutawa.

Yaya, wani abu ne ya hana ni sukuni. Asibitin da nake aikin jinya ya shiga wani bincike, ana ɗiban ɗigon jini a yatsan yara don a ga ko rigakafin ƙyanda ya kama jikinsu. Ni aka ba aikin gayyato iyaye. To ina na samo su? A rajistarmu. Na bi lambobin waya ɗaya bayan ɗaya, na ce su zo tsakanin tara da sha biyu na safe. Waɗanda suka zo su ne dai iyayen nan da na saba gani, masu katin rigakafi a cikin leda, ko lanƙwasa babu. Matan layin bayan masaƙa, inda Inna take, a wannan lokacin suna bakin injin. Da yawansu ma sunansu bai taɓa shiga rajistar ba, balle in kira su.

Jiya sakamako ya fito, wai cikin yara ɗari, casa'in da shida suna da garkuwa. Babban likita har da tafi. Ya ce tunda haka ne, motar da ke zagaya unguwanni da allura ba sai ta fito bana ba. Mun auna yaran da ba sa fashin allura, mun ce kowa lafiya!

Daga aiki na wuce gidan Inna, na tambaye ta me ya hana ta kawo yarinyar, bayan ita da bakina na gaya mata. Ta yi ta kame-kame, daga baya ta ce katin ya ɓata tun tafiyarki, ba ta ma san ko an yi mata allurar ƙyanda ba. Wai ba za ta tsaya cikin mata a tambaye ta kati ta yi zuru ba, a asibitin da 'yarta ke aiki, kada ta ba ni kunya. Kin ji fa! In Inna ta ƙi zuwa don wannan, mata nawa ne irinta? Ta kuma ce yara biyu a gidan da ke kallon nasu suna kwance da zazzaɓi da jan ido.

Ranar Alhamis za a sa hannu kan maganar motar. Zan tashi in ce ni na zaɓo yaran, kuma ban zaɓo daidai ba. Ƙila likita ya saurara, ƙila ya ce aikinsa nake son ɓatawa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Yarinyarki kuwa, gobe da kaina zan goya ta in kai ta a duba ta a yi mata allura. Ita tana da ƙanwar uwa a asibiti. Sauran yaran layin, motar nan kaɗai gare su.

Ki gaida maigidanki da surukarki. Inna da Kawu suna gaishe ki. Ki sa ni a addu'a ranar Alhamis.

Taki,
ƙanwarki ta asibiti