Yatsu Shida a Takardar Kakanmu

Assalamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Ina roƙon a ɓoye sunana, kuma don Allah kada ku yi saurin zagina, ni ma kullum cikin zagin kaina nake.

Ni malamar makaranta ce a Jega. Gidanmu Gidan Soja ake ce masa, saboda kakan babana, Garba Soja, wanda aka ce ya je yaƙin Jamus a Kamaru tun Turawa ba su daɗe da zuwa ƙasar nan ba. Lambar yabonsa tana nan cikin akwatin Baba, naɗe da farin ƙyalle. Baba mutum ne mai sauƙin kai, amma ka taɓa Garba Soja ka ga tashin hankali. Ko albasa ya je sayarwa Aliero sai ya san yadda ya yi ya sako sunansa a ciniki. Ni ce mai rawar kai da na ce zan je Kaduna, wurin da ake adana tsofaffin takardu, in nemo masa shaida a rubuce. Wa ya aike ni?

Kafin in tafi na shiga sallamar Inna Dije. Maƙwabciyarmu ce, Bafulatana, kuma ita ta shayar da ni lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwo, don haka uwa ce a wurina. Kakanta Cindo shi ne makiyayin gidanmu a wancan zamani. Labarin da kowa ya sani shi ne, wata rana ya kora bijimai biyu ya gudu, ya bar mata da jariri, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Har gobe in faɗa ya haɗa jikokinta da yaran unguwa, da bijimai biyun nan ake yi musu gori. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, tunda Turawa komi rubutawa sukai, ki duba min ko sun san inda Cindo yat tahi."

Kwana uku ina shaƙar ƙurar takardu kafin a samo min fayil mai lambar da ke jikin lambar yabon. Sunan daidai, Garba, garin ma daidai. Sai na ga an rubuta ya rasu da zazzaɓi a Kamaru, can aka binne shi. To wane ne ya dawo Jega ya haifi kakana, ya tsufa har haƙoransa suka zube? Na koma shafin farko, inda suke bayyana kamannin wanda suka ɗauka. Garba Soja da aka ba mu labari baƙi ne, gajere, tsagar Kabawa cike da fuska. Na takarda dogo ne, fari, babu tsaga ko ɗaya, kuma yatsu shida ne a hannunsa na hagu. Jama'a, don yatsan nan na shida aka sa wa kakan Inna suna Cindo. Autanta ma da shi aka haife shi, da idona na gani.

Babu wanda ya yi min bayani, amma ni ba yarinya ba ce. An nemi samarin da za a kai yaƙi, aka rubuta sunan Garba ɗan maigida, sai aka tura makiyayi ya amsa sunan. Aka ɓoye Garba, aka ƙirƙiri satar shanu don kada a tambayi inda Cindo yake. Da ma tun ina ƙarama ina mamakin mutumin da ya je Kamaru amma ya dawo da mata 'yar Mungadi, nan kusa da mu, da yaro har yana tafiya. Kuma an ce bai taɓa ba da labarin yaƙi ba, wai jarumi ba ya surutu.

Ga laifina. Da na dawo, Baba ya tara 'yan uwa a zaure, har da na Maiyama, ya ce, "Karanta muna mu ji." Takardar da aka kwafo min da Turanci take, ni kaɗai ke iya karanta ta. Na dubi fuskarsa, na tuna hawan jininsa, sai bakina ya shiga zuba ƙarya. Na ce an rubuta jarumi ne, an sallame shi cikin girma. Baba ya yi hawaye. Ya sa na rubuta fassarar da Hausa, ya kai aka sa mata gilashi, yanzu haka tana rataye a zaure da rubutun hannuna. Ta gaskiyar kuwa tana ƙarƙashin atamfofina.

Washegari Inna ta ce, "Mi kinka iske?" Na ce babu sunan Cindo ko'ina, wanda gaskiya ne, amma Allah ya san irin gaskiyar. Sai ta ce, "Ke nan da gaske na, ya ɗauka." Ashe duk shekarun nan ba ta taɓa yarda ba, sai da ta ji daga bakina.

Makon jiya, duk da ƙafarta da ta kumbura, ta dogara sanda ta shigo gidanmu. Ta zauna a ƙasa gaban Baba, ta ce ta ga kwananta sun ƙare, ba ta son kakanta ya tashi da haƙƙin wani a wuya, don Allah a yafe masa bijiman nan. Baba ya gyara zama a ƙarƙashin gilashin nan ya ce, "Haba Dije, mun yahe mashi duniya da lahira." Ta yi ta godiya tana sa mana albarka. Ni ce na kawo mata ruwa, kuma ni na raka ta gida.

Tun ranar abinci ba ya min daɗi, ina tsoron haɗa ido da ita. In na faɗa, na kunyata Baba a gaban dangin da ya tara, kuma ban san ko zuciyarsa za ta ɗauka ba. In na yi shiru, matar da na sha nononta za ta mutu tana nema wa kakanta gafarar satar da bai yi ba, alhali shi ne kwance a Kamaru da sunan kakanmu. Jiya an ce ta daina cin tuwo, sai kunu.

Don Allah ku ba ni shawara tun tana iya ji. Me zan yi?