Na Sa Babana a Kundin Bincikena a Matsayin Misalin Kuskure

Assalamu alaikum Anti, tare da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a fara yi min wa'azi a karanta har ƙarshe. Ban zo kuka ba, shawara nake nema.

A Fatakwal aka haife ni, a unguwar Mile One na tashi. Babana fataucin shanu yake yi, yana ɗauko su daga Arewa yana saukewa a mayankar Trans-Amadi. Ni kuma ina digiri na biyu a fannin tsara zuba jari, kuma shi yake ɗaukar nauyin karatun. Abu na farko da aka koya mana shi ne kada mutum ya tara dukiyarsa duka a wuri ɗaya, kuma ya ware wani abu don ko-ta-kwana. To Baba duk ribar da ya samu saniya ce take cinye ta. Ba fili, ba shago, gidan da muke ciki ma haya ne, komai nasa yana cikin tirela a kan hanya. Sau nawa na durƙusa na ce Baba a raba jarin nan? Sai ya yi dariya ya ce, "Uwata, ke da bokonki. Je ki kawo min shayi." Amma yayana da ko lissafin riba bai iya ba, da shi ake shawara.

Da lokacin rubuta kundin bincike ya zo, sai na zaɓi yadda fatake ke karyewa saboda rashin tsari, na ɗauki Baba a matsayin babban misali. Ga inda laifina yake: ce masa na yi zan rubuta yadda ya yi nasara ne. Bawan Allah ya saki jiki, ya ba ni labarin da ko Mama ba ta san rabinsa ba. Ya gaya min shekarar da tirelarsa ta kife, jarinsa duka ya tafi, ya riƙa saka babbar riga yana zuwa mayanka yana gaisawa da mutane don kada a gane ya karye. Har hawaye ya share a gabana. Ni kuwa na kwashe na rubuta tsaf, na canza suna kawai, malamina ya ce babin nan ya fi kowanne kyau.

Na ji kunya? Na ji. Amma ƙarya na rubuta? Ko harafi ɗaya babu. Idan gobe wata tirelar ta sake kifewa, wa zai koma titi, ba mu ba? Ni da Mama da ƙannena ne za mu sha wuya, amma ba mu da bakin magana. Shekaru ina faɗa a falo ba a ji ba, na faɗa a takarda, kuma wallahi ban yi nadamar gaskiyar da ke ciki ba.

Matsalar ita ce Baba ya baza a mayanka cewa 'yarsa ta rubuta littafi a kansa. Shi ba ya karanta Turanci, don haka ya shirya da amininsa Baba Bulus, tsohon ma'aikaci ɗan Kudancin Kaduna, zai fassara musu a rumfarsu ranar Asabar, a gaban abokan cinikinsa, har ya sa a gasa nama. Mutanen nan su ne ya ɓoye wa karayarsa, kuma suna jin labarin tirelar za su san wane ne. Ƙawata ta ce in buga wani na bogi in cire babin. Ni kuma zuciyata ta ƙi, don na gaji da lallaɓa gaskiya. In sami Babana in faɗa masa kafin Asabar? Da wane baki?

Jiya na kai masa shayi, ya riƙe hannuna ya ce, "Uwata, na ji an ce a irin littafin nan kuna ɓoye sunan mutum. Ni ban yarda ba. Ki sa sunana na gaskiya, in na mutu jikokina su karanta."

Na ce to, Baba.

Jama'a, me zan yi?