Liƙin da Na Yi wa Baba Lemuel

Mansura, Doha
3 ga Fabrairu

Maman Kausar,

Gaisuwa mai yawa gare ki, da fatan kina lafiya, ke da Kausar da Inna. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiyata ƙalau, sai dai kwana biyun nan na kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa na ɗauki biro maimakon waya.

Kamfaninmu ya ba ni tuƙin wani baƙo na sati biyu, Baba Lemuel, mawaƙi, baƙar fatar Amurka, ya haura tamanin. Otal ɗin da muke wa aiki ne ya gayyato shi. Wai yana cikin na farkon da suka ɗauko salon waƙar coci suka zuba shi a waƙar soyayya, abin da suke kira soul. Ya ƙi kujerar baya, a gaba yake zama, ga surutu kamar Kawu Tanko. Ya ce a gonar auduga ya tashi. Yana saurayi Turawa na rawa da waƙarsa, amma ta ƙofar kicin ake shigar da shi, kuma a mota yake kwana don ba a ba irinsa ɗaki. Haulat tawa, in ya ɗan rera ƙasa-ƙasa muna cikin cunkoso, tsigar jikina tashi take, ni da ko rabin Turancinsa ba na kamawa. Ya ce dole in zo wasansa ranar Juma'a da la'asar.

Ki shafa mini kan Kausar.

Mijinki,
Ghali

10 ga Fabrairu

Maman Kausar,

Ina gaishe ki, ina fata kowa lafiya. Ki zauna kafin ki karanta, na tafka ta.

Jiya na je wasan, aka ba ni kujera can baya. Tsohon nan ya kama waƙar da ya yi wa matarsa da ta rasu, ido rufe, gumi na zuba, muryar na fashewa yana sake ɗinke ta. Su kuwa mutanen zauren sun yi zuru kamar masu zaman makoki, kowa ya ɗaga waya. Abin ya ƙona mini rai. Mutum na zazzage ransa a gabanku, a rasa mai motsawa? Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na zura hannu aljihu, na haye dandamali, na manna masa kuɗi a goshi kamar yadda muke wa mawaƙa a gidan biki.

Su masu gadi abin da suka gani shi ne ƙato ya nufi baƙo da gudu, hannu a aljihu. Uku suka danne ni, leɓena ya fashe, kiɗa ya tsaya. Desmond, wani mai gadi ɗan Jos, yana ta ihun cewa al'adarmu ce, babu mai sauraronsa.

Manajan kamfaninmu ya karɓe makullin mota, ya ce in zauna a ɗaki sai kafil, wato mai kamfanin da bizata ke hannunsa, ya yanke hukunci. In ya kore ni, zamana a ƙasar nan ya ƙare. Yau sau huɗu ina takawa tashar jirgin ƙasa in dawo ba dalili. Abinci ya ƙi shiga. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Kada Inna ta ji tukuna.

Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Ghali

17 ga Fabrairu

Haulat,

Allah ya sa wannan ta same ku lafiya.

Baba Lemuel ya ƙi shiga motar kowa. Da Desmond ya yi masa bayanin liƙi, wai dariya ya yi har da tari, daga baya ya share ido. Ya ce a ƙananan zaurukan garinsu haka mata ke maƙala masa dala a kwat da allura, kuma rabonsa da wannan tun yana ɗan ashirin. Ya dogara sandarsa har ofishin manaja ya zauna, ya ce ba zai tashi ba sai an kawo masa direbansa. Aka kira ni, manaja na ta washe baki, ya miƙo mini makulli da hannu biyu. Na ɗauka an wuce wurin, har na yi niyyar rubuto miki albishir.

Ranar Alhamis na kai shi filin jirgi. Ya rungume ni ya ce kada in taɓa ba kowa haƙuri a kan abin nan. Ina dawowa, tun a bakin ƙofa aka karɓe makullin. Ashe takardar sallamata na cikin durowa tun Lahadi, tashinsa kawai suke jira. Kalma ɗaya manaja ya ce mini, halas, wato shi ke nan.

Talata zan sauka Kano. Ke kaɗai nake so ki tarbe ni, Inna ni zan gaya mata da bakina. Na san na zubar da aikin da ke ciyar da mu, kuma ban san ta inda zan fara ba. Ki yi mini duk faɗan da kike so, na cancanta. Alfarma ɗaya nake roƙo: kada ki tambaye ni a gabanta ko na yi nadama, don ba zan iya yi mata ƙarya ba.

Ki yafe mini.

Mijinki,
Ghali